Mazajen Tsofaffin Baure

Tun yana yaro aka san Sha'aban ba zai mutu da magana a ciki ba. Ya gwada noman gyaɗa, gyaɗa ta ƙi shi. Ya gwada dillancin awaki, surutu ya kori masu saye. Da mai gari ya rasa yadda zai yi da shi, sai ya ɗaura masa lasifika a babur, ya ce ya je ya dami garin Baure da izini. Nan fa Sha'aban ya sami gidan zama: ɓatan tunkiya, ɗaurin aure, isowar taki, duk daga bakinsa ake ji.

Da aka zo allurar ƙyanda, shi ya tsara shelar da kansa, yana ta yaba wa basirarsa. Ya zaga gari yana cewa duk uwar da ke ƙaunar ɗanta ta fito da shi kowa ya gani. Masu 'ya'ya rututu suka fito. Masu goyon fari kuwa ko ƙofa ba su leƙa ba. Wace marar kunya ce za ta rungumo ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa, ta ratsa gari a ce ga mai son ɗa?

Mai gari ya ce idan gobe ma haka ta kasance, lasifika ta zama ta Jafaru mai shayi. Hankalin Sha'aban ya tashi ƙwarai, don bai san abin da zai zama ba in an raba shi da ita.

Kashegari ya sake waƙa. Tunda kaka mijinta take kiran jikanta, sai ya bi ta nan:

"Tsofaffin Baure, ku kawo mazajenku a yi musu allura! Wadda ta bar nata a gida, ta ƙosa da auren ne!"

Kakanni suka fito suna zaginsa suna dariya, kowace da miji a goye, layi har bakin kasuwa. Mai gari ya ce lasifika ta zauna.

A cikin layin har da tsohuwar Sha'aban, Maiturare, riƙe da ɗansa na fari. Allura na shiga, yaron ya callara ƙara, ya miƙo hannu wajen uban. Ga jama'a ana kallo. Tausayi ya cika Sha'aban, amma ya kau da kai, ya kai lasifika baki:

"Jama'a, wani ya taimaka ya rarrashi yaron can."