Takardar da ke Cikin Hular Kawu Sambo

Duk wanda ya san Kawu Sambo a Mai Wurno ya san ba ya tayar da mota sai ya cire hula, ya zaro takardar ta'amin, wato inshorar motar, ya karanta ta da ƙarfi kamar mai huɗuba. Tsohuwar hafla ce, wato ƙaramar bas, da ya cire wa kujeru, kuma a takardar an rubuta "ɗaukar kaya". To fa, nan Kawu ya kafe!

Kun tuna ranar da maƙwabciyarsa Inna Ladi ta sayo rago a kasuwa? Ya cusa ragon a baya, ita kuwa ya tare mata ƙofa.

"Sambo, ni fa?"

"Ma'alesh, yi haƙuri, Ladi. Rago kaya na, ke mutum ta. In mun kihe, ta'amin rago ya sani, bai san ki ba."

Ragon ya riga ta isa gida da awa guda.

Bikin 'yarsa Hauwa ma haka. Ya kwashi gado da katifa da kwanoni har birnin Sinnar, amarya kuwa ya sa ta a motar haya. Aka yi masa caa: "Haba Sambo, 'yar cikinka!" Ya ce, "Don ɗiyata ta nis sa ta inda takarda ta san da ita."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ni na fi kowa shan haushinsa. Na dawo daga Madani ba aiki, ga mata ga 'ya'ya uku. Na durƙusa na ce, "Kawu, mayar da kujerun nan in riƙa jigilar Sinnar mana."

"Ya zol, kai yaro! Rai goma sha biyu bisa takardar ɗaukar albasa? Halas, magana ta ƙare, tashi!"

Na tashi kuwa. Wata biyu ban je gaishe shi ba, abin da har yau nake jin kunyarsa.

A asibitin Sinnar ya rasu. Da na kawo haflar don mu kai shi gida, sai na tsaya a bakin ƙofarta ina hawaye ina dariya, na ce yau dai Kawu zai karya dokarsa. Matarsa, Gwaggo Asabe, ta miƙo mini hularsa. Sabuwar takarda ce a ciki: motar haya, ɗaukar fasinja, ga sunana a wurin direba.

"Sau huɗu yana zuwa ofishin 'yan ta'amin," in ji ta. "Kujerun na bayan rumbu, da hannunai ya wanke su."

Ashe Kawu ne fasinjana na farko, kuma bisa ƙa'ida ya hau.

Yanzu kullum da safe nakan cire hula in karanta takardar, fasinjoji na yi mini tsiya. Allah Ya jiƙan Kawu Sambo, Ya yafe mini fushin wata biyun nan, Ya sa tasa takardar ya karɓe ta da hannun dama.