Ranar da Ƙauyenmu Ya Hau Dutse Don Sunan 'Yata

Ko da tsufa zai kai ni inda zan manta hanyar gidana, ba na jin zan taɓa manta ranar sunan 'yata. Yarinyar yanzu har ta shiga makaranta, in yi mata Hausa ta mayar mini da Turanci, amma duk sanda na tuna safiyar nan sai in kama dariya ni kaɗai a mota, har fasinja ya tambaye ni ko lafiya.

Ni direban tasi ne a New York. Ina zaune a unguwar Jamaica, aikina kuma ɗaukar fasinja daga filin jirgin sama na JFK. Asalina kuwa can saman tsaunin Mambila ne, wani ɗan ƙauye gaba da Gembu, dab da iyakar Kamaru. Idan na gaya wa 'yan Kano da muke bin layi tare cewa a garinmu ana jin ɗumin wuta da rana tsaka cikin damina, sai su ce ina zuba. Alhali gajimare har tsakar gida yake shigo mana, ka tsaya a bakin ƙofa ba ka ganin rumbu. Ruwa yakan tsuge kwana da kwanaki. Hanyarmu jar laka ce, tsohuwar Landiroba ce kaɗai ke iya shigowa ranar kasuwa, ita ma rabin tafiyar fasinja ne ke tura ta. Babu lantarki, babu famfo, asibiti kuma sai Gembu. Amma abinci kam Allah ya ba mu: masara, gwaza, ayaba, ga fiya tana zubewa a ƙasa har awaki sun gaji da ita, ga madarar shanu mai ɗumi kowace safiya.

Maganar waya kuwa, wuri ɗaya tak ake samun sabis. Wani dutse ne a bayan gari, mai tsayin gaske, a samansa akwai itacen zaiti guda. Sai ka hau ka je gindin itacen nan sannan waya ta kama, wani lokacin ma sabis ɗin na Kamaru ne.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa hawa dutsen nan ba tunda aka fara waya. Gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, ga yana ta fara rufe mata ido, sai abu ya matso sosai take gani. Ban da haka, ni ne ɗanta na fari, ita kuma mai tsananin kunya ce irin ta mutanen da. Tun ina yaro ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye sai ta bi ta bakin wani. Da na zo Amurka sai ƙanwata ta zama wayar tsakaninmu. Ita ke hawa dutsen ta ce, "Yaya, Inna ta ce a gaya masa ya riƙa sa rigar sanyi." Ko muryarta aka ce za a ɗauka a turo mini, sai ta ce ita me za ta ce wa ƙarfe.

Ni da matata mun daɗe da aure Allah bai ba mu haihuwa ba, har mun fara sabawa da shirun gidan. Sai ga 'ya mace. Na aika da albishir, na kuma ce a sayi rago a yanka can gida, tunda ba yadda za a yi mutum ya kayar da rago a hawa na uku a Jamaica. Ana jibi suna ƙanwata ta kira, tana haki.

"Yaya, Inna ta ce za ta zo suna."

"Ina? New York?"

"A'a, dutse. Ta ce sai ta ga jaririyar da idonta kafin idon ya ƙarasa."

Na ce kada su kuskura, tsohuwa da gwiwa irin tata, ga santsin damina. Ƙanwata ta ce, "To, kai ka zo ka hana ta." A nan maganar ta tsaya.

Ranar suna da safe falonmu ya cika maƙil. Limaminmu, wani dattijo ɗan Nijar mai shagon turare, yana zaune a tsakiya. Maƙwabciyarmu 'yar Gana ta shigo da ƙatuwar tukunyar wake da shinkafa, 'yan'uwana direbobi sun jeru a jikin bango, takalma sun toshe ƙofa. Mu muna safiya, su can gida azahar ta kusa. Na jingina wayata da fulas ɗin shayi, muka zuba mata ido.

Da kiran ya shigo, fuskar ƙanwata na fara gani tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Yaya, duba," ta juya wayar.

Jama'a, ƙauyenmu ne kacokan yake hawa dutse. Layi ne tun daga ƙasa, yana lanƙwasa cikin koriyar ciyawa. Mata da tukwane a ka, 'yan makaranta da malaminsu, Fulanin rugar da ke bayanmu da ƙoren nono, maƙwabtanmu 'yan coci har da gangarsu. Baffana, ƙanin mahaifina, yana jan farin rago, wuƙa a ɗamare. Ladan ya ciro lasifikar masallaci, wani na biye da shi da batirin mota a kai. A tsakiyar wannan runduna kuwa ga Inna, zaune a kujerar katako da aka ɗaure a jikin gora biyu, samari na ɗauke da ita a kafaɗa, ta buɗe lema, sai faɗa take yi musu.

"Kai, a hankali! Buhun masara kuka ɗauko? Ku sauke ni in taka da ƙafata!"

Ba wanda ya sauke ta. Falonmu ya kaure da ihu. Na ce wa ƙanwata, "Ke, wa ya gayyaci duk waɗannan?"

Ta ce, "Wallahi mutanen gidanmu kawai na gaya wa."

"To wa ya rage a gari?"

"Kaji."

Sai dai a bayansu, ta wajen Kamaru, hadari ne ya haɗo baƙi ƙirin. Ni da na tashi a wurin na san abin da hakan ke nufi. Idan ruwan nan ya sauko, sabis ya tafi ke nan, sai kuma yadda hali ya yi. Ina dariya ina addu'a a lokaci guda.

Aka dire kujerar Inna a gindin zaiti. Hoton ya daskare, ya dawo, ya sake daskarewa a kan hancin Baffa. Liman, da yake su a Nijar rezo suke ce wa sabis, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Rezo ya tahi! A'a, ga shi ya komo. Ku hanzarta, bayin Allah!" Baffa ya ce ba za a yi suna rabin jama'a ba su ji ba, don haka a kara wayar a bakin lasifika. Ladan ya haɗa batir, ya kawo makirufo. Limaminmu ya gyara rawani, ya gyara murya, ya matso kusa da fulas ya rangaɗa sallama.

Abin da ya fito daga lasifikar nan ba sallama ba ce. Wata irin ƙara ce mai tsaga kunne, har mu da ke New York sai da muka toshe namu. Ragon nan ya yi tsalle ɗaya, ya fizge igiya daga hannun Baffa, ya bi ta ƙarƙashin ƙoren nono, ya gangara dutse a guje.

Kowa ya bi shi. Baffa na gaba, babbar riga na tashi, 'yan makaranta na ihu, mai ganga bai fasa kiɗa ba, shi ma yana gudu. Mu kuma a falo mun miƙe tsaye kamar masu kallon ƙwallo. Direbobi na cewa, "Ku tare ta hagu! Ta hagu!" kamar ana jin su. 'Yar Gana ta riƙe ciki ta zauna a ƙasa. Liman kuwa cewa yake, "Subhanallahi, ni na kore shi? Ni da sallama?" Da ƙanwata ta ga ragon ya nufi gonar masararta, ba ta yi shawara da kowa ba, ta jefa wayar a cinyar Inna ta bi sahu.

Hoton ya juya, muka ga lema, muka ga sama, muka ga gefen zane. Can sai ga ido ɗaya ya cika fuskar wayar, ido mai fari-fari a tsakiya, da tamoji a gefensa. Inna ce ta kawo wayar dab da fuskarta.

Ta ce, "Ke, ina kika shiga? Zo ki gaya masa..." Ta waiga. Babu kowa a saman dutsen sai ita da batirin mota.

Na durƙusa a gaban fulas. Na ce, "Inna, ni ne. Ina jin ki."

Kukan iska daga can gida ya cika falon. Na ga idon nan yana yawo a fuskata a hankali, daga goshi zuwa haɓa. Ina da shekaru fiye da arba'in a duniya, ban san me za ta fara ce mini ba.

Ta ce, "Ka yi furfura."

Na ce, "Na yi, Inna."

"Ka yi furfura, ba ka gaya wa kowa ba."

Falon ya sake fashewa da dariya, ni ma ina yi, amma hawaye har cikin gemuna. Ta ce, "To, matsa. Ba kai na hawo gani ba." Matata ta kawo jaririyar cikin farin tawul, ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ta ce, "Sannu 'yata, sannu da arziki. Kin sha haƙuri, Allah ya biya ki. Matso mini da ita. Ƙara. Ƙara dai." Sai da hancin yarinyar ya kusa taɓa gilashi. Ta daɗe tana kallo, bakinta na motsi da addu'a. Can ta ce, "Kai! Kunnuwan nan na mahaifinka ne, Allah ya jiƙansa. Kamar faifai. A fara ɗaura mata ɗankwali da wuri."

Matata ta yi dariya har sai da aka karɓi yarinyar daga hannunta. Kafin hayaniyar ta lafa, Inna ta sassauta murya ta ce, "Kai. Kana cin abinci kuwa?" Na ce ina ci. Ta ce, "To. Na gan ka, na gan ta. Alhamdu lillahi."

Sai ga jama'a sun dawo da waƙa. Wani maƙwabcinmu ɗan coci ne ya saɓo ragon a wuya, farin rago ya koma ja saboda laka. Baffa na biye, takalmi ƙafa ɗaya, hula babu. Ƙanwata ta karɓi wayar. Liman ya ce, "Don girman Allah kada a ƙara sa ni cikin lasihika." Ya yi addu'a a hankali kamar mai tsoron tayar da mai barci, ladan na maimaitawa da bakinsa. Baffa ya yi bisimilla ya yanka. Aka raɗa wa yarinya sunan Inna, wanda ba zan faɗa ba, don ɗa ba ya kama sunan uwarsa. Matan falonmu suka rangaɗa guɗa, can sai ga ta matan dutse ta iso a makare, namu suka mayar, nasu suka sake mayarwa. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ana shafa fatiha ruwa ya ɓarke. Abu na ƙarshe da na gani shi ne samari sun sungumi kujera, iska ta juya lemar Inna ta koma kamar kwando, ita kuma tana dariya, dariyar da ban taɓa jin ta yi ba, tana cewa, "Ku gudu mana! Ɗazu da na ce a hankali ba ku ji ba!" Hoton ya tsaya cak, ya ɗauke.

Kwanaki ban ji daga gare su ba, hankalina duk a tashe, don ruwan bai tsaya ba balle a hau dutse. Da ƙanwata ta samu ta kira, ta ce rabin gari da mazaunai suka sauko, amma ba wanda ya ji ciwo. A ajin makaranta aka soya naman, aka ci har da na ƙauyen gaba. Inna ta yi mura ta warke. Na ce, "Ta ce wani abu?" Ta ce, "Ta ce a gaya masa ya riƙa sa wa takwararta rigar sanyi." Wato an koma gidan jiya. Ban damu ba, na riga na samu rabona.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne zumunci ba a sauƙi yake ba, da ƙafa ake yin sa da gumi, kuma sau da yawa wanda ya fi ƙarancin hali shi ya fi biyan wahalarsa. Ni a nan maɓalli kawai nake dannawa, waya a aljihu, sabis har cikin jirgin ƙasa. Su kuwa kowace gaisuwa sai an jiƙe, an zame, an yi haki. Shi ya sa har yau, ko ina tsakiyar layi a filin jirgi, ko fasinja na ɗaga mini hannu, idan na ga kiran gida sai in ba na bayana hanya in gangara gefe in ɗauka. Fasinja wani zai zo. Wanda ke kiran nan kuwa, dutse ya hau kafin ya ce mini sannu.