Igiyar Biskit

Choji bai taɓa son kare ba. Duk wanda ya san shi tun Bukuru zai faɗa maka haka. A gidansu kare na gadi ne, waje yake kwana, ba shi da suna sai "kai". Shi ya sa 'yan cocinsu suka sha dariya da suka ji wai ranar Asabar Choji zai yi wa karensa bikin ranar haihuwa a gidansa da ke Springfield a Amurka, har da kek.

Ma'aikacin kantin magani ne, ya ba hamsin baya, irin mutumin da ke ba da haƙuri ko shi aka taka. Shekarun baya likita ta ce masa hawan jininsa ya wuce wasa, ko ya riƙa motsa jiki ko wata rana ya faɗi a bayan kanta. Ba shi da lokaci sai yamma in ya tashi aiki. Ya sayi takalmi, ya sa riga mai hula, ya fara sassarfa a layinsu.

A makon farko wata jar a-kori-kura ta biyo shi a hankali. Ba ta wuce shi ba, ba ta tsaya ba. Yana jin tayoyinta suna murƙushe busassun ganye a bayansa. In ya ƙara gudu, ya zama mai laifi. In ya tsaya, bai san abin da ke hannun direban ba. Haka ta bi shi har ya kai gida.

Washegari matarsa Martina, wadda nas ce, ta miƙa masa wayarta. Hotonsa ne a dandalin da maƙwabta ke hira, kyamarar ƙofar wani ta ɗauka. An rubuta: akwai wanda ya san baƙin mutumin nan da ke gudu a layinmu? A ƙasa wani ya amsa cewa shi dai yana da abin kare gidansa, kuma a cike yake da harsashi. Choji ya fi yawancinsu daɗewa a layin.

'Yarsu Abby ta daɗe tana roƙon a ɗauko mata kare yana ƙi. A wannan makon ya amince. A gidan da ake tara karnukan da aka yasar, Abby ta so wani baƙin kwikwiyo mai ƙarfi. Uban ya nuna wani mai ruwan zuma, kunnuwa a zube, baki kullum kamar yana murmushi. Biskit sunansa. Abby ta ɗauka tausayi ne ya kama babanta. Ba tausayi ba ne. Fuskar da ba za ta tsorata kowa ba yake nema, tunda tasa ba ta yi ba.

Dabarar ta yi aiki har ta ba shi haushi. Da igiyar Biskit a hannu, labule ya daina motsi. Tsofaffi na ɗaga hannu, yara na tare shi su shafa kan kare. Kowa a layin ya san sunan Biskit. Shi kuwa baban Biskit ake ce masa.

Sai a watan jiya likitan dabbobi ya ce ƙugun Biskit ya gaji, gudu ya ƙare masa. Abby ta yi kuka. Choji ma ya kasa cin abinci, ta rungume shi tana lallashinsa da Turanci, shi kuma kunya ta hana shi kallon idonta. A daren ya ce a yi biki. Babu wanda ya san ranar da aka haifi Biskit, sai aka ɗauki ranar da aka kawo shi. Choji ya bi gida-gida yana gayyata, kare a gaba, shi a baya, yana ja da baya daga kowace ƙofa bayan ya danna ƙararrawa.

Ran Asabar amininsa Chuwang ne ya fara isowa daga Hyattsville. Ya ga Biskit da hular takarda a ka, ya riƙe ciki don dariya.

"Mutumina, Amurka ta gama da kai. A Jos wannan ai nama ne, barkono kawai ya rage masa."

"Rufe baki, Turawa na zuwa."

"To ni nawa bikin yaushe? Ko sai na yi haushi?"

A kicin Martina na juya gwate, faten acca irin na Jos, ba ta waiwayo ba. "Baban Abby, bikin nan na waye?"

"Na Biskit mana."

"Ka aske gemu saboda Biskit? Ka sa farar riga saboda Biskit? Ka sayi injin gudu ka ajiye a ɗaki, kowa ya huta."

"In ɓuya a gidana kamar ɓarawo?"

"Gara ɓarawo mai rai," ta ce. "Ni nake karɓar waɗanda ake kawowa asibiti. Na san yadda suke isowa."

Maƙwabta sun zo, sun fi yadda ya zata. Ya tsaya a bakin ƙofa yana ba kowa hannu, yana faɗin sunansa dalla-dalla, yana barin su ƙare wa fuskarsa kallo. Suka yi murmushi, suka wuce wurin Biskit da wayoyinsu. Can ya hangi jar a-kori-kura a gefen titi. Mai ita wani dattijo ne mai kaurin wuya, ya kawo wa Biskit ƙashin roba. Ya matse hannun Choji, ya ce masa Joji, ya ce karen kirki gare shi. Aka rera waƙa, aka yanka kek. Choji na tafi yana tambayar kansa: in suka gan ni gobe ba shi, wa za su gani?

Ran Litinin da yamma ya ɗaura takalmi. Biskit ya ɗago kai daga shimfiɗarsa ta bakin taga, ya mayar. Choji ya kai ƙofa, ya dawo, ya zare igiyar daga ƙusa, ya naɗe ta a hannu yadda za a gan ta daga nesa. Ya ce wa kansa sabo ne kawai.

Rana ta yi ja. Ya wuce gida mai tuta, ya wuce makarantar yara. Numfashinsa ya yi nauyi tun bai yi nisa ba. A kwanar da itatuwa suka yi duhu ya ji tayoyi a kan ganye. A hankali. Jar a-kori-kurar ce. Ya sassauta, ya buɗe tafukansa, ya bar igiyar ta sauko tana lilo.

Motar ta tsaya daidai shi, gilashi ya sauka. Dattijon ya kalli fuskarsa, babu alamar ya gane ta. Sai idonsa ya sauka kan igiyar, nan take goshinsa ya saki.

"Baban Biskit! Ina yake? Ya tsinke ne?"

Amsar gaskiya gajera ce: yana gida, ni ne nake gudu. Choji ya buɗe baki, ya ga hannun mutumin ɗaya a kan sitiyari, ɗayan bai san inda yake ba.

"Ya tsinke," ya ce.

"Shigo, mu nemo shi kafin duhu."

Ya shiga. Motar na warin taba da man bindiga, ko kuwa hancinsa ne ke ƙirƙira. Suka zaga layin a hankali, dattijon na leƙawa yana ƙwala kira, maƙwabta na fitowa da tociloli. Choji ma ya leƙa ta tagarsa yana kiran karen da ya san inda yake kwance.

Da suka zo daidai gidansa, dattijon ya sake kira da ƙarfi. Daga bayan labulen falo, Biskit ya amsa. Ya yi haushi, ya ƙara, hancinsa manne da gilashi.

Dattijon ya taka birki. Ya kalli tagar, ya kalli igiyar da ke cinyar Choji, sannan a karon farko ya tsaya yana kallon Choji kansa.