Kaset Ɗin da Motar Haɗaka Ta Ƙi Ɗauka

A farkon shekarun jihar Kebbi, ƙananan kamfanonin fim uku ne a yankinmu: na yayana a Jega, ɗaya a Aliero, ɗaya a Maiyama. Da suka gaji da yawon talla a kan babur, sai suka haɗu suka sayi tsohuwar mota mai kai kaset ɗin kowa kasuwanni da gidajen kallo. Dokarsu ɗaya ce: fim ba ya hawa motar sai dukansu uku sun kalla sun amince.

Ni ke rubuta sunayen fina-finai a jikin kaset, don an ce rubutuna na da kyau. A nan na fara mafarkin nawa labarin: wata tsohuwa da rumbun albasarta, kullum tana juya ta, tana yi mata hira kamar jikoki. Yaya ya ɗauki fim ɗin a ƙauyen Danwarai, gwaggonmu ta fito a matsayin tsohuwar.

Ranar kallon amincewa a shagon yaya ina bayan labule. Mutumin Aliero ya yi doguwar hamma.

"Malam, ina dambe? Ina waƙa? Mutum shi baro albasa gona, shi zo shi iske ta cikin talabijin?"

"Wanga ko akuyata ba ta tsayawa kallonai," in ji na Maiyama.

Yaya ya sunkuyar da kai. Ni da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya, sai ga ni tsakiyar shagon.

"Gidajen kallonku maza ka shiga. Kun taɓa kai ma mata kaset?"

"Ke ɗiyar boko, koma ciki," in ji na Aliero.

Ban koma ba. Na zare kaset ɗina na sa ƙarƙashin mayafi.

Sati na zagayowa aka yi suna gidan gwaggo. Na tarar yaya ya ɗaure mini talabijin da bidiyo da ƙaramin janareto a motar kasuwa. Bayan azahar muka toshe taga da tabarma, mata suka cika ɗaki har bakin ƙofa. Da tsohuwar ta tsinci ruɓaɓɓiyar albasa tana yi mata faɗa, wata ta miƙe tana nuna talabijin.

"Duba ƙasa, baiwar Allah! Daga ƙasa taka fara ruɓewa!"

Sau uku aka maimaita fim ɗin, har tuwon suna ya huce.

Daga nan kaset ɗin ya riƙa bin suna da biki, daga Dangamaji zuwa Gumbin Kure, har hotonsa ya fara rawa. Wata safiya mutumin Aliero ya zo shago yana sosa ƙeya.

"Ƙanwata, Innarmu ta hana ni sakat, wai sai ta ga tsohuwar albasa. Kawo kaset ɗin mu sa shi mota."

"A'a, Malam. Inna ta tara maƙwabtanta, ni da kaina zan kai mata."

Na kai mata ranar Laraba. Har kaset ɗin ya tsinke bai taɓa hawa motarsu ba.