Furen Kopou a Jikin Turke

Sunana Nogen, aikina hawan bishiya. Ina tsinko 'ya'yan bishiyar tamul, wani irin goro da muke taunawa, ina rage rassa, wadda ta tsufa in kayar da ita. Gwiwoyina sun gaji, kuma doguwar magana ba ta dame ni ba. Amma zan faɗi labarin Khuri Tarulata, matar ƙanin mahaifina.

Tun da aka kawo ta ƙauyenmu daga tsallaken kogi take saƙa, take kiwon agwagi, bakinta jajir da taunar tamul. Abin da aka san ta da shi kuwa furen kopou ne, wanda ke manne a tsohon mangwaron bayan ɗakinta. Bai taɓa sanin ƙasa ba. Saiwoyinsa farare masu kauri sun rungume ɓawon, wasu na reto a iska. Idan bikin Bihu ya matso sai ya sako furanni dogaye kamar jela, 'yan mata masu rawa su yi ta zarya gidanta a ba su su ɗaura a gashi.

Sai mangwaron ya bushe, ya karkato kan rufinta. Dole a sare shi kafin guguwar bazara, kuma furen na bukatar wani wurin zama. Bishiyoyin da ke kusa duk na maƙwabcinta ne, Dimbeswar, sai ta roƙe shi ya bari a ɗaura furen a jikin ɗaya.

"Ba a jikin tamul ɗina ba, Khuri," in ji shi. "Shi ya tsotse mangwaronki. Kauci ne kawai da ya ci ado."

"Kai ma kullum kana jingine da bangona kana shan shayina. Bangon ya faɗi?"

"Bangon yana nan, amma shayin ai yana ƙarewa."

Ni ban goyi bayan kowa ba, don ban sani ba. Na sha ganin kauci ya kashe reshe. Wannan kuwa shekara da shekaru ina wuce shi a sama, ban taɓa tambayar me yake ci ba.

Khuri ta sa na hau mangwaron da tulun ruwa, na jiƙa saiwoyin har suka yi laushi, na ɓamɓare su a hankali da bayan wuƙa. Ta kai shi jikin tsohon turken saniyarta, busasshen itace da ya daɗe da mutuwa. Ta yi masa matashi da ɓawon kwakwa, ta ɗaure da zaren ganyen ayaba.

"Khuri, in zuba masa ƙasa ko kaɗan?"

"Zuba a kanka. Ƙasa ruɓar da shi take yi."

Kullum da safe takan yayyafa masa ruwan wankin shinkafa. Dimbeswar kan leƙo ta kan shinge ya ce, "Ya saniyar taki? Ta fara ba da madara?"

A shekarar bai yi fure ba. 'Yan matan suka nufi wani ƙauye. Ganyensa na ƙasa ya yi rawaya ya zube. Khuri ta ci gaba da yayyafi, ni kuma na riƙa ratsowa ta gidan ko ba ni da aiki a can.

Da damina ta kankama na ga bakin saiwoyin ya yi kore, suna rarrafe a kan turken. Na sa farce in ɗaga ɗaya, ta ƙi. Na je na jawo Dimbeswar. Ya kankare turken da wuƙa, ya shinshina, ya ga babu ɗigon ruwa a cikin itacen. Ya daɗe a tsugune.

"To me yake sha, Khuri?"

"Raɓa, ƙura, kashin tsuntsu. Wurin riƙewa kawai yake nema."

Ya girgiza turken, ya ji yana rawa. Gara ta cinye gindinsa, ba zai kai wata daminar ba.

"A kawo shi jikin tamul ɗin," in ji shi.

"Ba a ɓamɓare shi sau biyu," in ji Khuri. "Sai dai da turken."

Na tone turken, na yanke ruɓaɓɓen gindin, na hau tamul ɗin da shi a baya. Dimbeswar na ƙasa yana miƙo igiya.

"Juya shi gabas, Nogen," Khuri ta ɗaga murya. "Kuma kada ka kai shi inda ruwana ba zai kai ba."