Ranar da Manjo Ya Fice Daga Majalisa

Har ya koma ga Allah Manjo ake ce masa, ko da yake shekarun da ya yi a rigar lauya sun ninka na kaki. Lokacin yaƙi shi ya ba sojojinsa umarnin janyewa daga bakin wata gada, don ya ga in suka tsaya ba wanda zai kai labari. Hukuma ta ɗaga masa ƙafa saboda hafsa ne, ta kori ƙananan sojojinsa goma sha huɗu, ta rubuta a takardar sallamarsu wai gudu suka yi. Wannan kalma ta hana su aiki, ta hana 'ya'yansu ɗaga kai a unguwa.

Abin ya tsaya masa a rai. Ya ajiye kaki, ya zauna aji ɗaya da sa'o'in ƙannensa ya karanta shari'a. Ofishinsa ɗaki guda ne a saman shagon tela, kujerar baƙi ɗaya, ita ma sai an tokare ta da bango. Shekara tara yana hawa da sauka a matakalar kotu, daga ƙarshe alƙali ya ce ba huruminsa ba ne, majalisa kaɗai ke iya wanke su. Matarsa ta roƙe shi ya bar wa Allah, ya yi kunnen ƙashi. Ya tsaya takara, ya sha ƙasa sau biyu, a na uku ya ci. Lokacin saura mutum biyar cikin sha huɗun.

Ranar da za a saurari ƙudurinsa, tsohon sajensa, ɗaya daga cikin biyar ɗin, ya dogaro sanda ya zauna cikin 'yan kallo. Kafin a zo kan maganar, rigima ta kaure kan rabon kwamitoci, jagoran jam'iyyarsu ya miƙe ya daka tsawa duk ɗan jam'iyyar ya fita. 'Yan siyasar da suka san kan tsiya sun iya irin wannan fita: wani ya tsaya laluben tabarau, wani ya maƙale a bakin ƙofa har a kira abin da ya kawo shi. Manjo kuwa ƙafarsa ta riga kansa. An ba da umarni, bai farga ba sai da ya ga kansa a farfajiya. A ciki aka kira shi sau uku, shiru, ƙuduri ya bi ruwa. Ba a sake saka shi ba, kuma da zaɓe ya zagayo jam'iyyar da ya yi wa wannan biyayya ta miƙa wa wani takararsa.

A ranar ficewar nan saje ya same shi a bakin matakala. Kunya ta rufe Manjo, ya fara kame-kame, ya ce jagora ne ya ce a fita.

"Na gane, ranka ya daɗe," in ji saje. "Mu ma ai umarni muka bi."

Saje ya sara masa, ya sauka a hankali. Bayan wata huɗu ya rasu, takardarsa na nan yadda aka rubuta ta.