Falankin da Na Kai Filin Motsa Jiki

Shin Malam, maigidana, ya sani, ko bai sani ba? Tambayar da nake yi wa kaina ke nan duk ranar da na tuna maganar falankin nan, kuma mai ba ni amsa ya shekara biyu a ƙasa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa. Ɗiyata ce ke riƙe da waya tana rubuta abin da nake faɗa. Na ce mata in na yi kuka ta jira ni, in na yi dariya ma ta jira ni, amma kada ta gyara mini magana.

Shekarun baya, muna zaune a Durumi, jikina ya yi nauyi ƙwarai. Ga ciwon suga, ga hawan jini, ga gwiwa. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in na kai ƙasa, ba na iya tashi da kaina. Likita ya ce in riƙa salla a kan kujera, na ce goshina ya saba da ƙasa. Sai nake zama a kan darduma in yi sallata a zaune, in na sallame in jira Malam ya dawo daga masallaci ya ɗaga ni. Zai kama hannuwana biyu ya ce, "Bismillah, tsohuwa, taya ni da addu'a." Yakan ce ya ɗauki katakon rufi da bai kai ni nauyi ba. Kafinta ne, shekara arba'in yana sana'ar.

Wata rana ya tafi aiki Tungan Maje, mota ta ɓata masa lokaci a hanya. Na yi azahar na zauna jira. Wake na kan wuta. Ina jin ƙaurinsa tun yana kamu har ya ƙone ƙurmus, na dafa bango, na ja jiki, na kasa. Da ya shigo gab da la'asar ya tarar da hayaƙi ya cika gida, ni kuma ina zaune ina hawaye. Ya kashe wuta, ya ɗaga ni. Ranar bai yi mini tsiya ba. Ya zauna bakin gado ya ce, "Na girme ki da shekara goma sha biyu. In na riga ki tafiya, wa zai riƙa ɗaga ki?"



Maƙwabciyata ce ta kawo maganar filin. Kirista ce daga kudancin Kaduna, tela, mun shekara goma muna musayar abincin salla da na Kirsimeti ta kan katanga. Ta ce akwai mata zalla da ke haɗuwa a filin wata makaranta sau uku a mako, da sassafe kafin yara su zo. Ɗiyata ta tambayi likita, ya ce in je amma in fara a hankali. Malam ya ce ko a baro ne zai tura ni.

Na je da zani, wandon ɗiyata a ciki, hijabi a sama, da kambas ɗin Malam a ƙafa. Ni na ɗauka motsa jiki miƙa ce da ɗan yawo. Ashe yaƙi ne. Mai koyarwar, da kowa ke kira Koci, tsohuwar soja ce 'yar Filato, gajera, da usur a wuya. In ta busa, kowa ya kama gudu a wuri ɗaya. Ta sake busawa a tsaya, kafin ki gama mayar da numfashi ta kuma busawa, a tsuguna a tashi, a tsuguna a tashi. Matan ma'aikatu da gorunan ruwansu masu kyau, matan kasuwa da ledar ruwa, duk gumi ɗaya suke yi.

Hausar Koci ba ta raba mace da namiji. Ta zo gabana ta ce, "Mama, kai ba zai yi tsalle ba. Kai ɗaga ƙafa kawai. Oya."

Na ce, "Ni mace ce, 'yar nan."

Ta ce, "Na sani, Mama. Ɗaga ƙafa."

Na ɗaga.

Mako biyu na yi, cinyoyina suka zama kamar ba nawa ba. Ko banɗaki sai na bi bango. Kullum Malam ya rako ni har bakin ƙofar makarantar, ya zauna kan dakali yana jan carbi, don haka babu hanyar zillewa. Na shiga neman dalilin da zan daina wanda ba zai zama ragwanci ba.

Ranar wata Juma'a dalilin ya zo da ƙafarsa. Maƙwabciyata ta tafi biki garinsu, babu mai fassara mini Turanci. Da aka tashi, Koci ta yi wa mata dogon bayani, sannan ta juyo ta nuna ni ta ce, "Litinin kowa falanki. Mama, har kai." Kalmar Turanci ce ta faɗa, amma a kunnena falanki na ji, katako dai da kowa ya sani.

Na koma gida da farin ciki, na ɓata fuska don kada ya gane. Na ce, "Malam, abin ya zo ƙarshe. An ce ranar Litinin kowa ta zo da falankinta, ni kuwa ba ni da shi. Sai haƙuri."

Kun ji wauta. Na manta wanda nake aure.

Ya dube ni ya ce, "Falanki ta ce?"

"Da kunnena na ji."

"Wane tsawo?"

"Ba ta faɗa ba."

Ya zaro tef daga aljihu ya ce in tsaya daidai jikin bango. Ya auna ni daga kai har ƙafa, ya auna faɗin kafaɗata, ya rubuta da fensir a bayan hannunsa. Sai ya juya mini baya ya kama tari. Ya daɗe yana tarin nan, kafaɗunsa na rawa. Na ba shi ruwa. Wannan tarin shi ne abu na farko da har yau nake tuhuma.

Ranar Asabar ya fito da wani katakon maɗaci da ya daɗe yana ɓoyewa a bayan ɗaki, wanda ya ce ƙofar gidanmu zai yi da shi. Na ce, "Haba Malam, wannan ai na ƙofa ne." Ya ce ƙofa za ta jira. Ya yanka, ya goge, ya bi shi da samfefa har yana sheƙi, ya kashe kaifin gefunan don kada ya kama mini zani. Wannan kuma shi ne abin da ke ruɗa ni. Mutum zai yanka maɗacin da ya shekara biyar yana tattali don wasa kawai?

Litinin bayan asuba ya ɗauko shi a kafaɗa har bakin ƙofar makarantar. Can ya naɗa mini gammo da tawul ɗina ya ɗora mini a ka. Ya ce, "Filin mata ne, ni nan na tsaya. Allah ya ba da sa'a."

Na shiga a makare, ina tafiya a hankali kamar mai tallan itace. Na tarar da mata duk sun kifa ciki, sun dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe sambal bai taɓa ƙasa ba. Na duba hagu, na duba dama. Babu katako ko ɗaya a filin nan sai wanda ke kaina.

Koci ta cire usur daga baki ta ce, "Mama, wane ne wannan?"

Na ce, "Falankin da kika ce."

Wadda ke kusa da ni ce ta fara zubewa. Daga nan sai suka bi juna, tim, tim, kowa ta riƙe ciki tana birgima a ƙura. Wata babbar ma'aikaciya, mai gilashi, wadda ban taɓa ganin haƙoranta ba, ta rarrafo tana share hawaye ta ce, "Inna, ki yafe mana. Falankin ai ke ce. Jikinki ne zai miƙe kamar katako, sunan motsin ke nan."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na so in juya in tafi, amma mai falanki a ka ba ta juyawa cikin mutane sai ta kwashe kan wata. Dole na tsaya.

Koci ta busa usur, aka yi tsit. Ta sauke mini katakon, ta shafa shi da tafin hannu tun daga wannan baki har wancan. Ta ce, "Wa ya yi?" Na ce mijina. Ta ce, "Oga ya iya aiki." Ta sa aka kawo bulo shida daga bayan aji, uku nan uku can, ta ɗora shi a kai. Ta ce in dafa da hannu biyu in miƙe ƙafafu baya. Na yi. Ta ƙirga goma, ban faɗi ba. Matan da suka gama yi mini dariya suka kama tafi. Kafin a tashi, tsofaffi uku da ke laɓewa a layin baya sun zo sun jeru kusa da ni.

A kan katakon nan Koci ta koya mini tashi. In durƙusa, in dafa, in kafa ƙafa ɗaya, in miƙe. Sau goma, a huta, a sake. Tsakanin haka kuma ga gudu a wuri ɗaya, ga ɗaga gwiwa, ga usur da ba ya tausayi. Bayan wata biyu ta cire bulo ɗaya a kowane gefe. Na ce, "'Yar nan, ki ji tsoron Allah." Ta ce, "Ina ji, Mama. Dafa."

Maganar dainawa kuwa ta mutu tun ranar. Matar da fili guda ya yi wa dariya a lokaci ɗaya, wace kunya ta rage mata? Suka sa mini suna Maman Falanki. In ban zo ba, sai in ji sallama a ƙofar gida, mata huɗu da kambas sun zo duba ni.

Na sha tsare Malam. Na ce, "Ka sani."

"Na san me?"

"Shekara nawa kana aiki da masu Turanci? Kuma kullum kana kan dakalin nan kana jin abin da ake faɗa."

Sai ya ce, "Ni kafinta ne. An ce falanki, na yi falanki." Ko murmushi ba ya yi. In na matsa, ya ce shayinsa na hucewa.

Wajen wata na bakwai, wata la'asar, na sallame ke nan sai na ji miya na tafasa tana zuba. Sai da na sauke tukunya, na tsaya da tsumma a hannu, sannan na gane abin da ya faru. Na waiwaya na kalli dardumar. Babu kowa a gidan. Na koma na zauna, na sake tashi. Na kuma zama, na sake tashi. Na yi ta yi kamar yarinya.

Ga wani abu da ko ɗiyata ba ta sani ba sai yau, ga ta nan ta ɗago kai tana kallona. Ban gaya wa Malam ba. Kwana uku ina ci gaba da zama in jira shi, don na saba da hannun nan, kuma na san in na faɗa shi ke nan. A rana ta huɗu ya kama ni zai ɗaga, na taso da wuri kafin ya ja. Ya tsaya ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Tsohuwa, ko dai ana taya ni?" Dariya ta tona mini asiri. Tun daga ranar nake sallata a tsaye. Likita ma da ya auna ni ya rage mini magani.

Ɗiyata ta ce in faɗi abin da na koya. Ni ban iya irin wannan magana ba. Abin da na sani, na je filin nan ina ganin jikina ya gama aiki, ashe zama ne ya yi masa yawa. Kuma da ni kaɗai ce a ɗaki da ban yi kwana uku ina yi ba. Mutane ne suka riƙe ni, da dariyarsu da tsiyarsu. Har yau ina zuwa, sai dai yanzu ni kaɗai nake bin hanyar, kuma in na zo wajen dakalin nan nakan kawar da kai.

Shekara uku muka ƙara tare bayan haka. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, wata biyu ya yi. Ni nake tayar da shi zaune, ni nake juya shi, ni nake kai shi banɗaki ya rataya hannu a wuyana. 'Ya'ya suka ce a nemo mai jinya, na ce ba a buƙata. Yakan ce in yi a hankali, shi ba buhun masara ba ne.

Ranar ƙarshe da ya yi magana, na shimfiɗa darduma a gefen gadonsa na yi la'asar. Na ɗauka barci yake. Na sallame, na yi addu'a, na miƙe na naɗe darduma. Da na juyo sai na ga idonsa biyu, hannunsa ɗaya ya zuro ta bakin gado, tafin a buɗe. Washegari da hantsi Allah zai karɓi abinsa, don haka abin da ya faɗa a lokacin shi ne maganarsa ta ƙarshe. Muryar ta yi ƙasa sosai, sai da na sunkuya na ji shi.

Ya ce, "Ga hannu na miƙa, ko kallonsa ba ki yi ba. Madalla. Je ki ɗora mana shayi."